Wasiƙa daga Maradi: ɗan akwatin da ke juya fitilun adon nan, mu ma muna iya haɗa shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon a ba ni ɗan fili, kuma a yi haƙuri don wasiƙar za ta ɗan ja. Ni mai gyaran waya ne da rediyo a nan Maradi, kuma ina bin labaran da jaridu ke kawowa na matasa masu ƙere-ƙere, naku da na wasu. Abu guda ke damuna da irin labaran nan. Sai a nuna yaro tsaye kusa da abin da ya haɗa, a ce ya burge mutane, a ce shina roƙon gwamnati ta tallafa mishi, shi ke nan labari ya ƙare. Da me ya haɗa, wace waya ya ɗaura ga wace, wuta nawa abin ke ci, ina shike samun matsala, babu wanda ke tambaya. Mai karatu sai dai shi ce Masha Allah shi wuce, bai ƙaru da komi ba. To ni na ce bari in kawo wani ɗan aiki da nike yi, in faɗi yadda ake yin shi dalla-dalla, ko wani yaro a wata unguwa shi karanta shi gwada.

Duk wanda ya zaga gari da dare, daga bakin babbar kasuwa zuwa Zariya ko Ali Dan Sofo, ya ga yadda fitilun LED na ado sunka cika ko'ina. Shagon mai saida waya, shagon aski, teburin mai shayi, wurin mai tsire, har 'yan kabu-kabu suna liƙa su ƙarƙashin moto. In azumi ya zo ko sallah ko ana biki kuwa ba a magana. Duk daga China suke, su biyo ta Kano ko Yamai su iso mana, kowace da ɗan akwatinta na roba da ɗan rimot. To wannan ɗan akwatin shi ne ke fara mutuwa, kusan kullum. A kawo mana gyara mu buɗe mu tarar ya ƙone, ba a samun irin nashi, sai mai shi ya tattara zaren fitilar gaba ɗaya ya jefar alhali ƙwayoyin lafiyarsu lau. Dama an ce araha ba ta ado. Kuma ko sanda shike da rai, ɗan akwatin nan bai san komi ba sai walƙiya, ja, kore, shuɗi, ja, kore, shuɗi har ido shi yi ciwo. Bai san magariba ta yi ba, bai san batirinka ya kusa ƙarewa ba, bai san mutane sun watse ba.

Kafin a haɗa wani madadinshi sai an san irin zaren da ke hannu, don iri biyu ne kuma mutane na haɗa su su ce duk ɗaya. Na farko mai waya huɗu ne, galibi bolt 12, waya guda ta kawo wuta, sauran ukun na ja da kore da shuɗi. Shi wannan duk tsawon zaren launi ɗaya shike yi lokaci guda. Na biyun mai waya uku ne, wanda aka fi sani shi ne WS2812B, bolt 5 shike ci, kuma kowace ƙwaya tana da ɗan guntun lantarki nata a ciki wanda ke karɓar umarni. Waya biyu na wuta ne, ta ukun ta saƙo ce. Kowace ƙwaya tana karɓar lamba uku, ɗaya ta kore ɗaya ta ja ɗaya ta shuɗi, kowace lamba daga 0 zuwa 255, in ka lissafa launukan da ke iya fita sun haura miliyan 16. Yadda saƙon ke tafiya kamar farantin goro ne wurin ɗaurin aure, na farko shi ɗauki nashi shi miƙa gaba, na biyu shi ɗauka shi miƙa, har a kai ƙarshen sahu. Shi ya sa in ƙwaya ɗaya ta mutu a tsakiya duk na bayanta sai su yi duhu ko su daskare ga launi guda, mai shago shi ɗauka rabin zaren ya lalace, alhali guda ɗaya ce tal za ka yanke ka haɗa da dalma komi shi dawo. Kuma akwai 'yar kibiya da anka zana jikin zaren, saƙo ta nan kawai shike bi, in ka shigar da shi ta wutsiya ko ƙwaya ɗaya ba ta kamawa.

Sai maganar ƙwaƙwalwar, wato 'yar kwamfutar da za ta riƙa aika saƙon. Nan ne nike da ra'ayi mai ƙarfi, don na ga samari da yawa in sun kalli bidiyon Turawa sai su dage sai Raspberry Pi. Ba na musu, Raspberry Pi abu ne mai kyau, tun 2012 da anka fito da ita a Ingila kan dala 35 ta Amurka ta buɗe ma mutane da yawa ido. Amma cikakkiyar kwamfuta ce, babbar manhajar Linux take gudu, komi nata na cikin katin memori, kuma tana son a kashe ta da ladabi. In wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu a katin nan, ana iya wayar gari ta ƙi tashi sai an sake zuba mata komi. Mu kuwa ina munka ga wutar da za ta tsaya ta yi sallama kafin ta tafi? Kowa na tune da watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, wutar da ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha a lokacin, ba ta dawo ba sai cikin Maris na 2024. Tun lokacin mutane da yawa sunka koma ga sola da batir, kuma ko yanzu lokacin zafi sai a hankali. Duk abin da za a haɗa mana dole shi zama mai jure a zare mishi wuta bagatatan sau nawa ne a yini, shi tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu shi ci gaba daga inda ya san aikinshi.

Wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino Uno na iya wannan, tsohon hannu ne, asalin Arduino tun 2005 ne a Italiya, kuma shi ne mafi sauƙin koyo. Sai dai wurin ajiyarshi na aiki kilobayit 2 ne kacal, kowace ƙwaya kuma tana cin bayit 3, to ƙwaya 300 kaɗai sun cinye kusan rabi, kuma ba shi da Wi-Fi. Ni dai ESP32 na zaɓa. Wani kamfanin Shanghai mai suna Espressif ya fito da shi a 2016, allon bai kai tsawon yatsa ba, yana da Wi-Fi da Bluetooth, ya fi Uno sauri nesa ba kusa ba, kuɗinshi kuma bai taka kara ya karya ba. Ba katin memori, ba jiran tashi.

Wanda bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba kar shi karaya. Akwai manhaja kyauta mai suna WLED da anka yi don wannan aikin. Sau ɗaya kawai kake buƙatar kwamfuta da intanet, ka haɗa ESP32 da kebul na USB ka buɗe shafinsu da Chrome ka zuba. A lura kebul ɗin shi zama mai ɗaukar bayanai, don da yawan waɗanda ake saidawa bakin hanya caji kawai suke yi, za ka ga fitilar allon ta kama amma kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Bayan an zuba, allon zai buɗe Wi-Fi nashi na kanshi mai suna WLED-AP, ka shiga da wayarka, ka rubuta 4.3.2.1 a burauza, shi ke nan ga launuka ga salo fiye da 100, ba ka ƙona data ko ta dala ɗaya. Abu guda, a canza kalmar sirri tun ranar farko, don ta asalin kowa na iya samunta a intanet, kar 'yan fadar da ke shan shayi ƙofar shagonka su maida fitilarka abin wasa.

Amma ranka shi daɗe, launuka ba su ne aikin ba. Aikin lissafin wuta ne, kuma nan ne kusan duk wanda na gani shike faɗuwa. Ƙwayar WS2812B ɗaya in ta kunna fari da cikakken ƙarfi tana jan kusan miliamper 60, wato 20 ga kowane launi. Zare mai mita 5 mai ƙwaya 60 a kowace mita ƙwaya 300 ke nan, ka ninka, amper 18 a bolt 5, wat 90. Cajar waya kuwa amper 1 ce ko 2. Sai ka ga mutum ya soka cajar waya shina mamakin me ya sa fitila ke rawa cajar kuma ta yi zafi ba ta taɓuwa. Ko kuma a ɗauko wutar zaren daga jikin allon ESP32 ɗin kanshi, wannan kam kisan kai ne ga allon. Zare shi sha wutarshi kai tsaye daga babbar madogara, wato abin da ke ba da wutar, allo shi sha tashi, amma dole a haɗa wayar ƙasa, wato negatif, ta su biyun wuri guda, in ba haka ba saƙo ba shi da ma'auni, sai fitilu su riƙa hauka suna fitar da launin da ba ka aike su ba.

Akwai kuma abin da ake gani ƙiri-ƙiri a shaguna da yawa in mutum ya lura. Zare ya fara da fari tas daga inda wuta ta shiga, ka bi shi da ido sai ka ga ya koma ruwan ɗorawa, can ƙarshe ya zama ja-ja. Mai shago sai shi ce an saida mishi jabu. Ba jabu ba ne, jan ƙarfen da ke cikin zaren siriri ne, wuta na raguwa tana tafiya, kuma shuɗi da kore suna son kusan bolt 3 kafin su haska da kyau, ja kuwa wajen bolt 2 ya ishe shi, to in wuta ta yi ƙasa shuɗi ke fara sallama ja shi rage. Maganin a ja waya mai kauri gefe, a shigar da wuta ta kai da ta wutsiya, in zaren ya yi tsawo har da tsakiya. Sauran 'yan kayan kariya ba su da yawa: kondansater mai 1000 maikrofarad daidai inda wuta ke shiga zare don ta shanye bugun farko, da rezistans, wato ɗan abin da ke tauye wuta, tsakanin om 300 da 500 kan wayar saƙo kusa da ƙwaya ta farko. Kuma tunda ESP32 da bolt 3.3 shike magana zaren kuma na bolt 5 ne, wani lokaci su fahimci juna wani lokaci su ƙi, musamman in wayar saƙo ta yi tsawo. Ɗan guntu mai lamba 74AHCT125 shi ke ɗaga muryar zuwa bolt 5, da shi magana ta ƙare.

Bari in kawo wanda na haɗa ma wani maƙwabcina tela, don shi ne ya sa na bar WLED na zauna na rubuta nawa umarnin da Arduino IDE, manhajar rubuta umarni, da FastLED, tarin umarnin juya irin fitilun nan. Kowa ya san tela cikin goman ƙarshe na azumi ba shi da dare, ɗinki tuli, masu kaya na zarya. Shina da fanel na sola guda bisa kwano da batir na bolt 12 mai amper-awa 100. A takarda wat-awa 1200 ke nan, amma batirin ruwa in kana son shi daɗe ba ka shan fiye da rabinshi, to 600 ke hannunka. Da a ce an saki zaren adon nan da cikakken fari wat 90, kafin awa bakwai ya shanye rabon dare gaba ɗaya, ba a yi maganar fitilar aiki ba balle fanka da cajin waya. Shi kuma so shike waje shi yi kyau don masu wucewa, ciki kuma shi ga ramin allura.

Sai na raba aikin biyu. Ciki na sa mishi zaren fari zalla na bolt 12 bisa kekunan, don farin da ake samu ta haɗa ja da kore da shuɗi ba farin kirki ba ne, shadda ruwan toka sai ta yi kamar shuɗiya, tela shi ɗauko zaren da bai dace ba sai da safe a ga abin kunya. Farar LED ta gaske shuɗiya ce da anka shafe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa ko da jar LED ta samu tun 1962, duniya ba ta ga farar ba sai da masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sunka ci nasarar shuɗiyar a farkon shekarun 1990, har anka ba su kyautar Nobel a 2014. Wannan zaren farin ba shi jin saƙo, da tiranzisto irin MOSFET, wato ɗan makunnin lantarki, ake juya shi, ni IRLZ44N na samu. Rage haskenshi kuma ba rage bolt ake yi ba, kunnawa da kashewa ake yi da saurin da ido ba shi kamawa, in ya fi daɗewa a kunne haske shi yi yawa, in ya fi daɗewa a kashe shi ragu. Na sa nashi sau 5000 a daƙiƙa. In saurin ya yi ƙasa ido ba zai gani ba amma kyamarar waya na gani, sai bidiyo shi fito da layi-layi baƙaƙe suna gudu, masu ɗaukar hoton biki sun san abin da nike nufi, kuma ga mai kallon allura tana sama tana ƙasa dare guda ciwon kai ne.

Waje kuma, kewayen allon sunan shago, nan na sa mai launin. Na ɗaure shi cikin umarni cewa ko me za a yi kar shi wuce amper 3, FastLED na da wannan, WLED ma na da shi, ka faɗa mishi iyakar abin da madogararka ke iya bayarwa shi kuma shi rage haske da kanshi. Abin mamaki ba wanda ya taɓa cewa hasken ya yi kaɗan, don ido ba shi auna haske daidai da wutar da anka ci, ka rage rabin wuta ido shi ga ɗan kaɗan anka rage, da dare ma kashi ɗaya cikin huɗu ya isa a hango shago daga nesa. Salon kuma ba walƙiya, kore ne ke tafiya a hankali shi narke shi koma ruwan zinariya. Ni a ganina fitilar da ke ƙyafta ma mutane ido a bakin titi rashin tausayi ne ga mai moto.

Inda abin ya fi na kasuwa shi ne auna batir. Na sa rezistans biyu, mai kilo-om 100 da mai 27, su rage bolt ɗin batir zuwa abin da ESP32 ke iya karantawa, ko batir na caji ya kai 14.4 abin da zai iso ƙafar allon bai fi bolt 3 da ɗan kai ba. A nan akwai tarko guda: ƙafafun aunawa na ESP32 kashi biyu ne, kashi ɗaya ba shi aiki in Wi-Fi na kunne, to a zaɓa daga lamba 32 zuwa 39. Umarnin da na rubuta mai sauƙi ne. In batir na sama da 12.4 komi shi yi aiki. In ya sauko ƙasa da haka ado shi rage rabi. In ya taɓa 12.1 ado shi mutu gaba ɗaya a bar ma fitilar ɗinki, in ya ƙara sauka ita ma ta ɗan lumshe sau biyu don tela shi san lokacin tashi ya yi. Sai dai ba a yanke hukunci da karatu ɗaya, don da an kunna fanka bolt na faɗuwa na ɗan lokaci ya dawo, sai a tara karatun minti guda a ɗauki matsakaici. Kuma ƙwayoyin nan ko sun yi duhu kowace na shan kusan miliamper 1, ƙwaya 300 wat ɗaya da rabi ke nan yini da dare a banza, shi ya sa na sa rile, wato makunnin da allon ke juyawa, da ke yanke musu wuta ɗungurungum in ba su aiki.

Maganar lokacin kunnawa, agogo kaɗai bai isa ba, don faɗuwar rana a Maradi tana motsawa kusan awa guda tsakanin lokacin sanyi da damina. Rezistans mai jin haske na sa, a ɓoye ta cikin ɗan bututu tana kallon sama, kuma sai duhu ya tabbata na 'yan mintoci kafin ta yarda, in ba haka ba duk motar da ta hasko sai fitila ta ɗauka gari ya waye. Na kashewa ne ke son agogo, DS3231 da ɗan batirinta mai kamar kwabo, tana riƙe lokaci ko ba wuta ko ba intanet. Cikin azumi ado na kaiwa ƙarfe biyu na dare, sauran watanni sha ɗaya, shi ke canzawa da wayarshi.

Abin da bidiyoyin waje ba su faɗi shi ne ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa Allah kaɗai ya sani. Gam ɗin da ke bayan zaren ba shi kai ko'ina, sai ka tarar ya saki shina lilo, gara a ɗora shi bisa siririn alminiyom a ɗaure, alminiyom ɗin ma na janye zafi ƙwayoyi su daɗe. Ɗan allon LM2596 da ake sauke bolt 12 zuwa 5 da shi, an rubuta amper 3 amma cikin zafinmu ko 2 sai shina huci, don allon ESP32 kaɗai ya dace, zare kuma a nemo babba mai ƙarfen shan iska. Akwati kar a rufe shi ruf, a huda ta ƙasa, amma a sa raga, don zanzaro na son irin ramukan nan shi cika su da laka, tsaka ma na shiga neman ɗumi ta haɗa waya biyu da jikinta. Ƙurar hunturu kuma ita ke rufe idon mai jin hasken, sai fitila ta kama da la'asar sakaliya, a riƙa gogewa.

Sai abin da ya fi komi, gobara. Batirin mota ko na sola in wayoyinshi biyu sunka haɗu yana iya zubo ɗaruruwan amper, waya ta yi ja nan take, ga yadi ga zana ga katako. Fis ɗaya kusa da kan batir, daidai ƙarfin abin da kake ja, shi ne tsakaninka da asara, kuma kar a ɗaure fis da ya ƙone da zaren waya kamar yadda wasu ke yi. A kuma lura da wayar da ake saya, da yawa alminiyom ne anka yi ma wanka da jan ƙarfe, ka kankare da reza ka ga fari, irin wannan ta fi zafi kuma ba ta kama dalma da kyau. Waɗannan zaren da ake sokawa kai tsaye ga bolt 220 kuwa, in roba ta tsage da rana sannan damina ta zo ga ƙofar ƙarfe ga yara na taɓawa, ni ba na sa ma kowa su ko nawa zai biya. Bolt 5 da 12 ba su jan mutum. Duk yaron da zai koyi aikin nan shi tsaya nan, ɓangaren 220 a bar ma wanda ya san shi.

Roƙona gare ku shi ne ku ware ko rabin shafi ne a mako don irin wannan bayani da Hausa, mai gyaran fanka shi rubuto, mai haɗa sola shi rubuto, mai naɗin injin ban ruwa na fadamar Gulbi shi rubuto. Muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, muna da makarantar fasaha ta Dan Kassawa, ɗalibansu sun san lissafin amma da Faransanci, mu kuma na bakin kasuwa hannu ya saba amma da yawanmu ba mu yi nisa a lakwal ba, kuma takardun kayan nan duk da Turanci suke zuwa. Shafin jarida na iya haɗa mu.

Su kuma alhazanmu masu shigo da kaya, don Allah in za a ɗauko kwalayen zaren a haɗo da ƙananan abubuwan, ESP32 da fis da gidanshi da 74AHCT125, ba su da nauyi ba su cin wuri, yanzu sai mun yi saƙo Kano mu jira mai zuwa. Kuma a gwada kawo WS2815. Ita bolt 12 take ci, ba ta son a sauke mata zuwa 5, launinta ba shi saurin canzawa a dogon zare, kuma tana da wayar saƙo ta biyu, in ƙwaya ɗaya ta mutu sauran na bayanta su ci gaba da aiki. Sai dai mai haɗa ta da batirin sola shi sa mata abin daidaita bolt, don lokacin caji batir na haura 14.

Na gode, Allah shi ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran waya da rediyo,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.